Ƙarfen Banɗakin Mama

Likita bai nemi wani abu mai wuya ba. Cewa kawai ya yi, kafin a sallami Mama a tabbatar an kafa mata ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, don gwiwar da aka yi wa aiki ba ta shiri da santsi. Ta Tsakiya ta ce to. Daga asibitin ta biya kasuwa ta sayo ƙarfen, fari sol, haɗe da wata 'yar leda mai sukurori da robobin nan da ake cusawa a rami kafin a ɗaura su, waɗanda masu aiki ke kira fisha. Sai da ta iso gidan Mama, ta shiga banɗakin ta kara ƙarfen a jikin tayil, sannan ta tuna ba da fatar baki zai zauna ba. Sai an huda bango.

Ta Tsakiya sunan da ya bi ta ke nan tun ranar da aka haifi ƙanenta, ta zama da namiji gaba, namiji baya. A shagon tabarau take aiki, tana daidaita wa mutane gilashi a kan hanci. Wannan aikin yana da ranar hutu. Wanda ba shi da hutu shi ne raba Yaya da Auta.

A wannan karon rigimar ta daɗe. An yi wani taron dangi, jawabi ya yi tsawo, barci ya sace Yaya a kan kujera, baki buɗe, tabarau ya zamo har kan leɓe. Auta, wanda ɗaukar hoto ce sana'arsa, ya ce hannunsa ne ya ɗauka, ba shi ba. Kafin a tashi daga taron hoton ya zaga wayoyin dangi kaf, har da ta wata gwaggo da ba ta iya buɗe saƙo ba sai da aka buɗe mata. Yaya kuwa babban ma'aikaci ne a ofis, dogon mutum mai son girma. Ya fice daga zauren dangi na waya, ya kuma daina ambaton Auta, ya koma ce masa "wancan". Ko dubiyar Mama da suke zuwa asibiti, ɗaya da safe ne, ɗaya da yamma.

Abin da ya ɗaure wa Ta Tsakiya kai shi ne kayan aikin marigayi Baba. Ranar da aka kwashe ɗakinsa, Yaya ya ɗauki injin huda bango, Auta ya ɗauki gwangwanin tsinkayen da ake sa wa injin a baki. A lokacin ba wanda ya ga aibun wannan rabo.

Ta fara kiran mai gyaran unguwa. Ya ce mata yana hanya. Ta san mutumin sarai, tun da famfon kicin ya fara ɗiga yake hanya. Don haka ta kira Yaya.

"Ina raye za ki nemi wani ya huda bangon uwata?" in ji shi. "Gobe da safe ina nan tafe da inji."

Ta kira Auta, ya ce, "Anti, ai tsinkayen suna nan, ko buɗe gwangwanin ban taɓa yi ba. Zan kawo."

Ba ta gaya wa kowa cewa ɗan'uwansa zai zo ba. Ta dai roƙi maigidanta ya tsaya a asibiti ya ɗauko Mama idan an sallame ta da yamma.

Washegari Yaya ne ya fara isowa, cikin wandon ofis da takalmi mai sheƙi, rungume da wani baƙin akwati. Ya ɗora shi a teburin falo, ya buɗe a hankali kamar mai buɗe wa mutane jariri su gani. Inji ne jibgege, mai mariƙi biyu, ko ƙura babu a jikinsa.

"Ina na Baba?" in ji Ta Tsakiya.

"Wannan tsohon? Na ba da shi. Wannan kuwa ko dutse kika nuna masa sai ya shige. Kin ga hoton guduma a nan? Yana juyawa yana duka a lokaci guda."

"Ka taɓa aiki da shi, Yaya?"

"Nakan kunna shi lokaci-lokaci."

"Tsinkayensa fa?"

"Bai zo da su ba. Ai tsinke tsinke ne. Ba kin ce kin samo ba?"

Bai rufe baki ba sai ga ƙarar gwangwani daga ƙofa, ƙwacam ƙwacam, da fito. Auta ya shigo, gajere mai kumatu, ya yi ido huɗu da wansa, fiton ya tsaya a tsakiya. Yaya ya juyo ya dubi Ta Tsakiya, ya daɗe yana dubanta.

"Mama na dawowa yau," in ji ta. "Wanda zai tafi ya tafi, ni zan gaya mata wanda ya tafi."

Ba wanda ya tafi.

Murfin gwangwanin ya yi tsatsa, sai da aka sa cokali. Da ya buɗe, warin tsohon mai ya tashi, warin hannun Baba sak. Tsinkaye ne iri-iri a ciki, sirara da masu kauri, baƙaƙe da masu ruwan zinariya, wasu da tsini kamar allura, wasu da faffaɗan kai kamar ƙaramin shebur.

Suka nufi banɗaki. Banɗakin Mama kuwa ba wani banɗaki ba ne. In mutum biyu suka tsaya a ciki, na uku sai dai ya sa ƙafa ɗaya. Ta Tsakiya ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙarfen.

Yaya ya zaɓi wani tsinke madaidaici ya zura a bakin injin, ya shiga neman inda ake ɗaurewa. Na Baba yana da ɗan makulli mai haƙora da ake murzawa har bakin ya cije. Wannan ba shi da komai sai wani zobe na roba da ke ja da baya. Ya ja zoben, ya tura tsinken, ya saki, ya gyaɗa kai. Yana sunkuyar da injin tsinken ya faɗo, ƙililin, ya gangara ya nufi ramin ruwa. Auta ya taka shi da ƙafa.

"Ki gaya wa wancan tsinkensa ya yi siriri," in ji Yaya.

"Anti, ki ce wa Yaya bakin injinsa ne ya yi faɗi."

Kafaɗar Auta na gogar haƙarƙarin Yaya, amma saƙon sai ya fito waje wurinta sannan ya koma ciki. Ta isar da duka biyun, don ta san in ba ta isar ba za a tsaya jiranta.

Aka gwada mai kauri, ya ƙi shiga. Aka gwada na ƙasa da shi, ya shiga ya fito. Auta ya ce a ba shi salatif. Ya naɗe gindin tsinken, ya naɗe, ya naɗe, har ya yi ƙulu, ya miƙa wa Ta Tsakiya, ta miƙa wa Yaya. Wannan karon ya zauna. Yaya ya ɗaga injin, ya ce bari ya gwada shi a iska tukuna, ya danna.

Injin ya yi wani ruri da ya cika banɗakin. Tsinken ya kaɗa kai kamar mai jin kiɗa, ya fizge, ya wuce ta gefen kunnen Auta, ya soki bokitin robar Mama ya tsaya a ciki. Ruwa ya fara tsiyaya a hankali.

"To, mun dai san yana huda," in ji Auta.

Dariya ta kufce wa Ta Tsakiya, ta maida ita tari. Yaya ya murtuke fuska.

Sai a lokacin Auta ya ce shi ma yana da inji a mota, ɗan ƙarami mai batir, wanda yake kafa firam ɗin hotuna da shi a allunan shagonsa.

"Me ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Ba a tambaye ni ba, Anti."

Ya ɗauko shi. Bakin wannan haƙora uku ne da shi, ana murzawa da hannu su matse. Tsinken Baba ya zauna daram. Auta ya zaɓi mai tsini kamar allura, ya ce mai tsini ya fi saurin shiga. Ya kafa shi a jikin tayil, ya danna. Tsinken bai shiga ba, zamewa ya yi, ya ja wani karkataccen layi a kan tayil kamar sawun maciji. Auta ya sake kafawa, ya jingina da duk nauyinsa. Aka ji ƙiii mai tada tsigar jiki, sai ƙauri. Da ya janye, tsinin ya baje, bakin tsinken ya koma shuɗi, tayil kuwa ko gezau.

"Ki tambayi wancan," in ji Yaya, "huda muka zo yi ko zane?"

Daga nan ya ce a ba shi guduma da ƙusa ya fara buɗe hanya. Ta Tsakiya ta dubi tayil ɗin nan, wanda Mama ke gogewa da tsumma har sai ta ga fuskarta, ta ce a'a, ya isa. Ta ɗauko jakar cefane ta zuba injin Yaya, da na Auta, da gwangwanin, da fisha ɗaya.

"Ki riƙe shi a hankali, ba ya son girgiza," in ji Yaya.

"Injin fasa dutse ne ba ya son girgiza? Ga fensir. Kafin in dawo ku yi alamar inda ƙarfen zai zauna. Wannan dai ba ya buƙatar magana."

Layin masu kayan gini ba shi da nisa. Ta wuce masu fenti da masu bututun ruwa, ta shiga wani ƙuntataccen shago da kwalaye suka kai rufi. Mai shagon gajeren mutum ne mai tumbi, da fensir a bayan kunne. A gefen kantarsa akwai wani guntun kankare da aka huda har ya koma kamar saƙar zuma.

"Tsinken huda nake so," in ji ta.

"Me za a huda?"

"Bango."

"Wane irin bango?"

"Na banɗaki."

"Da tayil ko babu? Bayan tayil ɗin bulo ne ko zubin kankare? Wane inji? Ni ba na sayar da tsinke sai na ga bakin inji, ko ubana ne ya zo."

Ta zazzage masa jakar a kan kanta. Mutumin ya murza hannuwa kamar wanda aka ajiye wa abinci. Ya ɗaga na Yaya, ya leƙa bakinsa, ya ɗauko wani tsinke daga kwali ya nuna mata gindinsa. Ba mulmulalle ba ne kamar na Baba, an feƙe masa 'yan kwaruruka a tsaye. Ya tura shi ciki, aka ji ƙas.

"Irin wannan baki ba ya cizo, kullewa yake yi. Akwai 'yan ƙwallaye a ciki da ke faɗawa kwarin nan. In tsinken ba shi da kwari, me za su kama? Ko a naɗe shi da zani, fita zai yi."

"Mun naɗe shi da salatif."

"An samu rauni?"

"Bokiti ne kawai."

"Allah ya rufa asiri." Ya ɗauki na Auta. "Wannan kuma mai haƙora uku, mulmulallen gindi yake so. In kika sa masa mai kwari, rawa zai yi ta yi, ramin ya fito kamar bakin kwalba."

Ta Tsakiya ta ji abin ya shige ta nan take. A shagonsu ma kullum sai an sami mai zuwa da gilashin wani tabarau yana so a cusa masa a firam ɗin wani. Ta ciro ƙonannen tsinken ta nuna masa. Ya karɓa ya dube shi da tausayi.

"Na katako ne wannan. Bawan Allah, an kai shi yaƙin da ba nasa ba."

Wayarta ta yi ƙara. Auta ne, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Anti, ki dawo da sauri. Mun kulle."

"Kun kulle kamar yaya?"

"Yaya ya ja da baya don ya auna, ya bangaji ƙofa ta rufe. Na kama mariƙin in buɗe, ya fito a hannuna. Ga shi ma ina riƙe da shi."

Ta tuna. Mariƙin ciki ya daɗe da kwancewa, Mama ita kaɗai ce a gidan, ba ta rufe ƙofar gaba ɗaya. Ta ji muryar Yaya daga baya tana faɗin wani abu.

"Me yake cewa?"

"Wai in ce miki ki ce mini in matsa."

Ta Tsakiya ta dubi agogon shagon. Da sauran lokaci kafin a sallami Mama. Banɗakin yana da taga, akwai ruwa a famfo, babu wanda zai mutu.

"Akwai layi sosai a nan," in ji ta. "Ku yi haƙuri."

Ta kashe wayar, ta dubi shagon da babu kowa a ciki sai ita, ta ce, "Malam, ka ce na katako yaya yake? Fara mini daga farko."

Mai shagon ya ji kamar an yi masa bushara. Ya jawo mata kujera, ya aika aka kawo shayi, ya juye gwangwanin Baba ya shiga warewa. Masu tsinin allura da masu kan shebur na katako ne. Baƙaƙen nan da masu ruwan zinariya na ƙarfe ne. Na bango shi ne wanda aka dasa wa wani ɗan guntun ƙarfe mai tauri a kai, kamar rufin ɗaki, ya ɗan fi jikin tsinken faɗi. A duk gwangwanin biyu ne kawai irinsu, su ma sun cinye. Na tayil kuma daban ne, kansa kamar mashi. Ya ce a fara da mai mashin a ƙaramin inji, a hankali, a liƙa salatif a wurin don kada ya zame, ana ɗiga masa ruwa. Kada a kuskura a kunna guduma a kan tayil. Sai an wuce shi, an ga jar ƙura ko toka-toka ta fara fitowa, sannan a kawo babban.

Ya ɗauki fishar ya nuna mata lambar da ke jikinta, takwas, ya nuna takwas a gindin tsinkayen biyu da ya zaɓo. In ramin ya fi fisha faɗi, ƙarfen zai biyo hannun mai dafawa. Ya kara fishar a jikin tsinken, ya naɗa salatif daidai tsawonta da ɗan ƙari, ya ce nan za a tsaya. Sannan ya jona injin Yaya, ya miƙa mata, ya nuna guntun kankaren nan.

"Bismillah. Kada ki danna da ƙarfi, shi zai yi aikin."

Ta riƙe da hannu biyu ta danna. Haƙoranta suka kaɗa, ɗankunnenta ya yi rawa, kafin ta gama tsorata tsinken ya nutse har salatif. Ta ce bari ta ƙara ɗaya. Ta ƙara wani kuma. Da za ta tafi ya cika mata hannu da fisha, ya ce bai taɓa ganin wanda ya huda bango daidai adadin da ya yi niyya ba.

Ta shiga gidan a hankali, tana jiran ta ji ihu. Dariya ta ji. Ta ajiye jakar ta laɓe a bakin ƙofar banɗakin.

"Ƙara girmansa in gani," muryar Yaya ce. "Kai! Haka na buɗe bakin? Har dasashi?"

"Wallahi Yaya ban so ya bazu ba. Mutum ɗaya na tura wa."

"Bakin ma da sauƙi. Tabarau ɗin nan ne ya ɓata hoton. Dubi inda ya sauko."

"Ai bai kama kunne ba. Wa ya daidaita maka shi?"

"Wa kuwa? Antinka."

"Ka gani ko? Ita ce kuma ta tara mu yau ba ta gaya mana ba."

"Tun tana ƙarama haka take. Komai sai ta shirya."

Ta Tsakiya ta tsaya baki buɗe. Ta murɗa mariƙin waje, ƙofar ta buɗe. Yaya na zaune a bakin kwamin wanka, Auta a kan kifaffen bokitin, gumi ya jiƙe su sharkaf, kawunansu haɗe a kan waya.

"Ke ina kika tsaya?" in ji Yaya. "Kin bar yaron nan cikin zafi."

Ta haɗiye abin da ya zo mata baki, ta baje kayan, ta yi musu bayani yadda aka yi mata. Suna ji suna gyaɗa kai.

"Ai abin da na ce ke nan tun farko," in ji Yaya. "Tsinken ne."

"Gaskiya Yaya ya faɗa," in ji Auta.

Alamun fensir suna nan a bango. Auta ya ce da farko sun ɗan yi gardama a kan wurin, amma daga baya ya ga babba babba ne, ya bar wa Yaya. Yaya ya miƙa hannu ya nuna yadda mutum zai dafa cikin sauƙi. Ta Tsakiya ba ta tsaya dubawa ba, don maigidanta ya kira ya ce ana haɗa wa Mama magunguna, sun kusa tasowa.

Aka liƙa salatif. Auta ya ɗaura mai mashin ya fara a hankali, ita kuma tana matsa soso a saman wurin ruwa na gangarowa. Ta ji kafaɗarta ta fara ciwo saboda ɗaga hannu, amma hankalinta duk yana kan kada tayil ya tsage. Farar ƙura ta yi ta fitowa, can sai sautin ya canza, ƙura ta koma toka-toka.

"Yaya, naka ne," in ji Auta.

Yaya ya tura mai kwarin, ƙas. Ya ja shi ya ga yana ɗan motsi gaba da baya, ya ɓata fuska ya ce an sayar mata da lalatacce. Ta ce haka yake, wurin dukan ke nan. Ya zura tsinken a ramin, ya gyara tsayuwa, ya danna. Gidan ya ɗauka, kofuna suka yi ƙara a kicin, ramin ya kammalu kafin ya sauke numfashi. Ya janye injin ya dubi ramin, ya dubi injin. Rabon da Ta Tsakiya ta ga irin wannan fuskar a wurinsa tun ranar da Baba ya saya masa keke.

"Saura nawa?" in ji shi.

Aka gama sauran, aka buga fisha, aka ɗaura sukurori. Yaya ya kama ƙarfen da hannu biyu ya saki jikinsa gaba ɗaya. Ko motsi bai yi ba. Suka tafa shi da Auta. Ana cikin haka aka ji tsayuwar mota.

Mama ta shigo a hankali, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kafaɗar surukinta. 'Yar ƙaramar mace ce, asibiti kuma ya ƙara rage ta. Ta ga 'ya'yanta maza tsaye kafaɗa da kafaɗa, fari fat da ƙura har gira. Ta dube su da kyau, ta ce, "Sannunku da aiki. Mu ga abin."

Aka raka ta ƙofar banɗakin. Ta duba dama, ta duba hagu. Ta ga layin da ke kan tayil, ta ga bokitinta da huji, ta ja numfashi ta wuce su.

"Ina ƙarfen?"

"Ga shi nan, Mama," in ji Yaya.

Mama ta ɗaga kai. Ta ƙara ɗagawa. Ta miƙa hannu sama iya tsawonsa, kan yatsunta ya shafi ƙasan ƙarfen da ƙyar.

"Madalla," in ji ta. "Likitan cewa ya yi in dafa ko in yi lilo?"

Maigidan Ta Tsakiya ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Wa ya auna?" in ji Mama.

Yaya da Auta suka juyo tare suka dubi Ta Tsakiya.

"Ita dai ta riƙe soso a wurin, ba ta ce komai ba," in ji Auta.

"Ni? Ni da nake kasuwa?"

"To ai shi ne," in ji Yaya. "Kin daɗe."

Mama ta ce a kawo mata kujera. Aka ajiye a bakin ƙofa, ta zauna, ta miƙe da taimakon sanda, ta ɗora tafin hannunta a bango daidai inda ya sauka da kansa. Ta ce, "Nan." Ta Tsakiya ta zagaye wurin da fensir.

Aka kwance ƙarfen aka sake aiki daga farko, da fishar da mai shago ya ƙara mata. Wannan karon bai ɗauki lokaci ba. Mama ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana kallo. Ramukan sama kuwa ta ce kada a toshe, a mayar da sukurori a bar kawunansu a waje, ta sami wurin rataye tawul in wani dogo ya zo. Da aka gama ta kama ƙarfen, ta jijjiga, ta zauna ta tashi da shi, ta ce ya yi.

Yaya bai ajiye injin ba, yana ta dube-duben bango. Mama ta lura. Ta ce tun da abin ya samu, ga agogon falo can jingine a kan kabad ba a taɓa rataye shi ba, sandar labulen ɗakinta kuma da igiya aka ɗaure ta. Kafin ta rufe baki Yaya ya nufi falo yana jan wayar injin, Auta na biye da shi da fensir, yana cewa wannan karon a tambayi Mama tukuna.

Ana tsakiyar na labule aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabciya ce, saɓe da jariri, fuska a ɗaure, ta zo ta ce ƙarar ta hana yaro barci. Ta ga Mama a kujera, ta saki fuska ta yi mata barka da dawowa. Idonta ya sauka a kan agogon da ke bango, ya koma kan Yaya da injinsa.

"Mama, a ina kika samo masu aikin nan? Ni ma ina da kantar kicin da ta shekara a ƙasa."

Yaya ya gyara tsayuwa ya buɗe baki zai faɗi ko shi wane ne.

"'Ya'yana ne," in ji Mama. "Suna da hannu, sai dai a tsaya a kansu. Asabar za su zo miki."

"Mama, ranar ina da taro," in ji Yaya.

"Da safe za su zo," in ji Mama, ta juya wurin Ta Tsakiya. "Ke kuma zo ki zauna haka nan. Miƙa wa yayanki tsintsiya."